Reza a Bakin Zani

—kuma wa ya aike ki ki tambaye ni? Yarinya ƙarama, bakinki bai gama koyon sallama ba, amma kin iya kafa wa babba ido ki ce, "Kaka, wa ya yanka miki fuska?" A gidanmu da tuni kin sha ranƙwashi. Ba a tambaya. Ana gani ne a yi shiru, in an girma a gane. Ci abincinki, Na'ima. Dube ki, kina tsintar shinkafa da tsinke biyu kamar kaza, ga hannu Allah ya ba ki, yatsu biyar lafiyayyu. Ƙanwarki kuma ta zuba mini ido. Ita Sahada ba ta tambaya, ba ta da Hausar da za ta yi tambayar da ita. Nainai take ce mini. Na ce Kaka. Ta ce Nainai, ta yi dariya, ga giɓi a gaba, haƙoran sama sun zube…

Famfara take. Ni ma ina famfara a lokacin.

A'a. Ba yanzu ba.

Rezar tana nan. Na ƙulle ta a bakin zani, ina jin ta a cinyata duk motsin da na yi. Sabuwa, cikin takardarta. Da safe na sauka shagon ƙasa, na yi wa mutumin kwatance da hannu kamar ina aske gemu, ya ce meyo, meyo. Babu ke nan. Ita kaɗai na koya a yarensu, don ita suka fi faɗa mini. Sai a shagon gaba na samu. Baƙin tukunya ne dai babu. Wane irin gari ne wannan, a yi shekara da shekaru ana girki, gindin tukunya fes kamar ba a taɓa ɗora ta a wuta ba? Na kankara, na kankara, ko ɗigo. To, akwai kwalli a tanduna. Kwalli zai yi. Baƙi dai baƙi ne, in ya shiga ciwo ya zauna.

Salihu, kana ji na? Kai ka ja mini. Na ce maka sayo takalma ka dawo, ban ce maka sayo takalma ka zauna ba. Mutane nawa ke zuwa Guangzhou su cika kwantena su koma Kano su kwana a ɗakinsu? Kai sai ka yi shago, ka yi aure, ka haihu, sannan ka faɗi a tsakiyar kwalayen takalma a kasuwar Zhanxi, hannu a ƙirji, ba uwa a kusa, ba kowa naka. Suka sallace ka bayan Juma'a, suka sa ka a ƙasar mutane tun ina neman jirgi. Ban ga fuskarka ba. Tudun ƙasa aka nuna mini, ja, jiƙaƙƙiya, ko ƙamshin ƙasarmu ba ta yi. Kayanka na ƙarshe kuwa an loda su a Huangpu, suna kan ruwa yanzu, sun nufi gida. Takalma sun sami hanyar gida, Salihu. Takalma! 'Ya'yanka kuwa gobe jirgin ƙasa zai hau da su kan duwatsu, ƙauyen uwarsu, inda ba a taɓa kiran salla ba. Kai da bakinka ka gaya mini ubanta aladu yake kiwo, kana dariya a waya. Yi dariyar yanzu in ji.

Da ma matar taka muguwa ce. Wallahi da ta sauƙaƙa mini. Rukayya ka sa mata, iyayenta na kiran ta da wani suna da harshena ya ƙi ɗauka. Ta yi maka takaba yadda ake yi, ba ta rage komai ba. Tana tuƙa mini tuwo duk gudaji, ta durƙusa ta ajiye, in haɗiye in yi shiru. Ta ce ba za ta iya riƙe gidan nan ita kaɗai ba, iyayenta sun ce ta dawo. Ta ce za ta koya musu salla. Da wane baki? Fatiharta ma a karkace take fita. Shekara ɗaya, biyu, Sahada ta manta alwala. Na'ima ta riƙe kaɗan, ta riƙe, ta gaji… wa za ta yi wa sallama ya amsa?

Yanzu ta fita rufe shagonka, ita da Balkissa. Ta bar mini su. Ta yarda da ni, shi ya sa ta bar mini su.

Balkissa mutuniyar Maraɗi, mai sayar wa 'yan kasuwa tuwo a bene na ƙasa, ita ce bakina ita ce kunnena a garin nan. Jiya na zaunar da su, na ce gaya mata in tafi da yaran. Ta juya, suka yi caƙa-caƙarsu, Rukayya na kuka. Balkissa ta ce, "Hajiya, ki yi hanƙuri. Takardunsu na nan ne, ɗiyan na uwassu ne, haka dokar garinsu ta ce. Ke kuma kwanakin da suka ba ki sun kusa ƙarewa." Na ce doka! Gaya mata a wurinmu ɗa na uba ne. Jinin uba, sunan uba, gidan uba. Gaya mata haka, kar ki rage.

Ta gaya mata. Sai da maganar ta shiga wani yare ta fito na ji ta da kunnena.

Ɗa na uba ne…

Ci abincinki na ce!

Ubana, Mai Kwalta ake ce masa. Ban san sunansa na yanka ba, in ma suna yanka. Baturen Italiya, cikin waɗanda suka zo shimfiɗa hanyar da ta ratsa garinmu, can bayan Wudil. Uwata na kai musu fura. An ce ya yi shahada, an ce an ɗaura aure a gindin tsamiya, an ce kuma ƙarya ne, Iya ce ta ƙirƙira don a bar ni in shiga mutane. Uwar tawa ta rasu ina rarrafe. Iya ta goya ni, kakata, uwar uwata, mace kamar icen kirya. Shi kuwa yana zuwa. Ya zo da alewa a aljihu, warin kwalta da taba, ya ɗaga ni sama, gashin hannunsa na yi mini cakulkuli. Hanya ta yi nisa, zuwansa ya ragu, amma yana zuwa. Ranar da hanya ta ƙare ya zo da takalma. Jajaye, ƙanana, masu maɓalli a gefe. Ya nuna ni, ya nuna gabas ko arewa, oho, ya yi da hannu kamar jirgi a kan ruwa. Iya ta ce to. Ta ce ya dawo jibi.

Da asuba Iya ta kira Barmo wanzami.

Mata biyu suka danne ni a tsakar gida, kaina a cinyar Iya. Barmo ya ce, "Iya, ai ta wuce lokaci, wannan aikin ranar suna ake yin sa." Ta ce, "Ban kira ka fatawa ba. 'Yan baka, uku nan, uku nan. Ka zurfafa. Farar fata ce, ina so a hango daga bakin hanya." Aska ba ta da zafi da farko, sanyi gare ta. Daga baya ne, da ya dangwalo baƙin tukunya ya murza da babban yatsa… Na ciji cinyarta da dasashi, haƙoran gaban babu. Ba ta motsa ba. Tana ta cewa, tawa ce, tawa ce, tawa ce.

Kuncin Sahada kamar gwanda. Ina zan fara? Daga gefen baki a ja zuwa kunne, kaɗan, kar a kai ga jijiya. Na ga an yi sau ba adadi. Hannuna bai taɓa rawa ba, ni da na yanke cibiyar rabin yaran unguwarmu. Ita zan fara yi wa, don in na fara da babbar ƙaramar za ta gudu ta buɗe ƙofa. Tawul a baki. Maƙwabta ba sa leƙo kowa a nan, ko mutuwa kake. Ruwan zafi akwai a filas.

'Yan sanda? Su zo. Garin da kowace kusurwa da idon na'ura a maƙale, na san za su zo. Tsohuwa ce, su kulle, me ya rage a jikin da za su ci? Amma kafin nan tsofaffin can, iyayen Rukayya, za su iso da safe, su ga fuskokin. Tun yanzu ma da ƙyar suke kallon su, na ga hoton da aka ɗauka, tsohuwar ta riƙe Na'ima nesa da jikinta kamar an ba ta ajiyar gawayi. In suka ga tsaga sai su ce mu ba ma so, ku kwashe abinku. Shi ke nan. A ba ni. In an kulle ni a ba Balkissa ta kai su Kano, ga baffanninsu can. In ma ba a bayar ba, su tafi da shaida. Wata rana wani ɗan kasuwa ya ga mace a tasha, ido irin nasu, baki irin namu, ya tsaya ya ce, baiwar Allah, ke daga wane gida?

Haka Iya ta lissafa. Kuma lissafinta ya fita. Ga ni. Mas'uda, Bahaushiya, Bakanuwa, na yi aure a Fagge, na haifi tara, na je Makka, ba wanda ya isa ya — 'Yar Taliya suke ce mini a bakin rijiya. Baturiya, ina babanki? Na fasa wa wata baki da guga. Kitso ba ya zama a kaina, yau a yi gobe ya warware, na ɗaure shi da ɗankwali har uwar mijina ta mutu ba ta ga gashina ba. Na fi su iya daka, na fi su iya habaici, na fi su azumin nafila. Dole in fi su. Su an haife su a ciki, ni kullum sai na sake shiga. Kan Na'ima ma haka yake, shekaranjiya na yi mata kalaba, dubi yadda ta zame. A makaranta su ce mata baƙa. Da uban ya kai ta Kano yara suka bi ta a lungu suna 'yar Cana, 'yar Cana. Ta dawo ta tambaye shi ita mece ce. Me ka ce mata, Salihu? Ka ce ta tambayi Kaka?

Mai Kwalta ya dawo jibin. Kullum in na ba da labarin nan cewa nake ya ga fuskar ya tofar da yawu ya juya. Haka Iya ke faɗa, haka na ɗauka na ci gaba da faɗa. Bature ne, ya ga kayansa sun lalace, ya bari.

To in haka ne me ya kai mu gaban Di'o, baturen mulki?

Na tuna barandar. Baturen Ingila a kujera, gajeren wando, gwiwoyi jajaye, lofe a baki. Mai Kwalta a tsaye, hula a hannu. A tsaye, kamar mu! Bai ce masa zauna ba. Ashe su ma ba ɗaya ba ne. Mu muna ganin fari fari ne, ashe a cikinsu akwai mai kujera akwai mai tsayuwa. An ce sun yi yaƙi da juna ba da daɗewa ba, na Ingilan bai huce ba. A tsakaninsu kuma ga Rahamin mai sayen fata, Bayahuden Tarabulus da ke zaune a Fagge, shi aka ɗauko don shi ke jin bakin kowa. Ya juya nan ya yi Italiyanci, ya juya can ya yi Ingilishi, ya sunkuyo ya yi wa Iya Hausa tas, har da ranki ya daɗe. Na Ingila bai ba shi hannu ba. Na Italiya kuwa, an ce mutanensu ne suka kwashe dangin Rahamin zuwa wani sansani cikin hamada lokacin yaƙin, wasu ba su dawo ba. Duk da haka ya tsaya yana ɗaukar kukan mutumin yana juya shi zuwa wani yare.

Kuka. Na ce kuka?

Ya durƙusa. Gwiwa biyu a kan siminti. Ya ciro hankici ya kai kusa da kuncina, bai taɓa ba, ciwon ya kumbura yana ruwa. Akwai wata kalma da yake ta maimaitawa, har yau tana kunnena, ba wanda na taɓa nema ya fassara mini. Iya ta ce, me yake cewa? Rahamin ya ce, "Wannan ba ta shari'a ba ce, Iya." Di'o ya ciro lofe ya nuna fuskata da shi. Ya ce ga shaida nan a rubuce, 'yar ƙasa ce, ta zauna wurin mutanenta. Ko minti nawa aka yi? Ya koma kan takardunsa.

Bai tofar da yawu ba. Janye shi aka yi.

Takalman Iya ta jefa su a masai. Ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Kai kuma ka tashi duk sana'ar duniya ba ka ga ta yi ba sai takalma… har da jajaye ka kawo mini wata sallah, na ce ba na so, ka yi fushi, ban gaya maka dalili ba.

A hanyar dawowa Rahamin ya rage mana hanya a motar fatunsa. Wari kamar me. Ya dube ni ya dubi Iya ya ce, "Ni ba wanda ya yi mini tsaga, amma duk garin da na shiga an san ni baƙo ne. Ke kin yi mata don kar a tambaya. Za a tambaya, Iya. Har ta mutu." Iya ta ce ya kula da tuƙinsa. Da ya rasu, ina amarya a Fagge lokacin, aka rasa inda za a sa shi. Ba namu ba, ba na coci ba. Mutumin da ya fi limaminmu sanin sunayen unguwannin Kano. Ban san inda suka kai shi ba.

Za a tambaya. Ga shi kuwa, jikata, da tsinke biyu a hannu.

To ai da ya tafi da ni fa? Da yanzu wata tsohuwa ce can, kai a buɗe, gicciye a wuya, naman alade a faranti, ba ta san alƙibla ba. Da ba Salihu. Da ba waɗannan. Iya ta cece ni, daga cikin wuta ta fizge ni, Allah ya ji ƙanta, Allah ya sa ta huta. Kullum ina yi mata addu'a. Kullum. To me ya sa ban bari an yi wa nawa ba? Tara na haifa. Duk ranar suna wanzami ya zo da zabirarsa, in ce aski kawai, a cire beli, a bar fuska. Mijina ya yi faɗa, danginsa suka ce Baturiya ta nuna hali. Na tsaya a bakin ƙofa da jego a jikina na ce wanda ya taɓa fuskar ɗana sai na… Ban taɓa tambayar kaina ba. Ba a tambaya.

Wayarka ce ke kiran salla a kan firji. La'asar ta wuce tun ɗazu, wannan tunatarwa ce ko me, ban iya kashe ta ba. A garin nan waya ce ladan. Rukayya ke sa mata caji kullum, ba ta bari ta mutu. Ita ma jirgi za ta hau gobe, ta je ta yi ta kira a kan duwatsu.

Rukayya za ta buɗe ƙofar nan. Za ta ajiye jaka. Za ta ga tawul, ta ga kwalli, ta ga fuskokin. Za ta durƙusa, na san za ta durƙusa, gwiwa biyu a kan tayil, ta kai hannu ba za ta iya taɓawa ba. Ta yi ta maimaita wata kalma. In ce, Balkissa, me take cewa?

Ni ce Iya. Wannan na sani tun da na sayi rezar. Abin da ban sani ba… ita ce shi. Ita ce mai hula a hannu.

Amma duwatsun fa? Aladun fa? In bar su su narke kamar gishiri a ruwa, in koma Kano hannu biyu, in ce wa baffanninsu na gan su, suna gaishe ku? Ranar tsayuwa ka tambaye ni, Inna, ina amanata? In ce maka na ji tausayin wata? Ya Allah. Ya Allah, kai ka halicci fari da baƙi da ja, kai ka rarraba harsuna, to ka gaya wa tsohuwa jahila abin da—

Me kuma? Wa ya ce ki taso? Sauke hannunki daga fuskata. Yatsunta sanyi, warin shinkafa. Tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai karatu. Ba wanda ya taɓa taɓa su. Ko ubanku.

"Kaka," ta ce. "Yi mini irin naki. In mun je can, a san ni ta Baba ce."

Ta juyo mini kunci. Da kanta. Ta rufe ido ta cije leɓe, ta jawo hannun ƙanwarta ta riƙe. Ta gani ke nan. Ta ga ina kankarar tukunya, ta ga ƙullin zani, 'yar banza mai ido kamar na ubanta. Ba sai an danne ta ba. Ba sai tawul ba. Ni mata biyu suka danne ni, wannan ta kawo kanta…

Hannuna na kan ƙullin. Ya ƙi kwancewa. Ni na ɗaure shi, na san yadda na ɗaure, ja ɗaya ne. Yatsun ne. Sun kai, sun tsaya. Irin na Mai Kwalta.

Lif na motsi a bango. Yana hawowa. Ko na maƙwabta ne, ko… ban sani ba. Akwai sauran yau. Akwai asuba ma, Iya da asuba ta yi nata.

Buɗe idonki. Buɗe na ce! Wa ya ce miki ana roƙon wannan? Kwashe kwanukan nan. A'a, bar su, ni zan kwashe. Ku wuce ɗaki. Na san rana ba ta faɗi ba, ina da ido, ban tambaye ki ba. Gobe akwai tafiya. Ɗauki ƙanwarki, ku yi bismilla, ku kwanta ta hannun dama yadda ubanku ya koya muku. Ku ja bargo har sama.

Ku juya fuskarku bango. Kar in shigo in gan ta.